Kyanwoyin Habboba Ba Sadaka Suke Ci Ba

Kowa a unguwarmu ta nan Gadarif ya ɗauki maganar nan a karkace, har da mutanen gidanmu. In aka ga tire cike da ragowar makaroni a ƙofar wani gida, kyanwoyi sun yi masa zobe, sai ka ji wani ya ce, "Allah sarki, kamar Habbobarku." Wai ita tsohuwa ce mai taushin zuciya da ta ƙarar da kisrarta, siririyar wainar dawar nan tamu, a cikin kadis, wato kyanwoyi, tana neman lada. Masu kaifin baki kuma su ƙara da cewa neman ladan ne ya rufe mata ido har ɓera ya cinye mata iri. To ni na gaji da ji. Habboba, kakata ta wajen uwa, ba ta taɓa tausayin kyanwa ba ko na yini ɗaya. Ba ta taɓa shafa bayan wata ba, ba ta taɓa sa wa wata suna ba. Aiki ta ɗauke su, kuma aikin yana tafiya daidai har ranar da aka damƙa shi a hannuna. Shekara da shekaru ana yi mata dariya a kan abin da ni na ɓata, ban taɓa buɗe baki ba.

Sai na fara faɗin yadda unguwar take, don yaran yanzu ba za su gane ba. Ba katangar bulo ko ɗaya a layinmu. Ɗakunan ciyawa ne masu tsinin kai, da rumfuna, da shingen kara wanda ake tokare gindinsa da ƙaya. In maƙwabciya ta yi atishawa kina iya yi mata addu'a ba ki tashi daga kan gadonki ba. Da safe abin da ke tashe ni ƙarar turmin jabana ne, wato dakan gahawa, daga gida uku a lokaci ɗaya, kowacce da irin bugunta, sai mai jakin ruwa yana dukan ganga da sanda, sai loriyoyin 'yan girbi masu tafiya Gadambaliya suna wucewa ta babbar hanya, maza a sama suna ihu kamar za su biki. Ƙasar kuwa kun san ta. Da damina ta riƙe miki takalmi sai dai ki bar mata, da rani ta tsattsage har yaro ya zura hannunsa zuwa gwiwar hannu bai taɓo ƙarshe ba. A cikin waɗannan tsagogin ɓeraye suke zama. In aka gama girbi gonaki suka bushe, sai su biyo buhunan dawa su shigo gari, su bi ta ƙarƙashin ƙasa daga gida zuwa gida, ba ruwansu da shinge.

A bayan ɗakin Habboba akwai ɗan rumbu na laka, bai kai tsayin mutum ba. Ba abinci a ciki. Irinta ne kawai. Wata dawa ce mai dogon wuya, fara da ɗan ruwan ɗorawa, wadda ba a sayar da ita a kasuwa. Ta ce kakanta ne ya taho da ita daga yamma a kan hanyarsa ta zuwa Makka, duk inda damina ta tsayar da su sai ya shuka, ya cire iri, ya ƙara gaba. A nan tafiyar ta tsaya, dawar ma ta tsaya. Habboba tana noma ta a ɗan filinta na bayan gari, kuma in an yi tuwonta ko ba miya sai ki ci. Duk kaka takan zaɓi zangarniyoyi da hannunta, ta barbaɗa musu toka, ta jera su a rumbun, ta liƙe bakin da laka. Ba wanda zai sake buɗewa sai yayyafin farko ya sauka. Wata bakwai ke nan iri yana cikin duhu, ba mai duba shi. Waɗannan watanni bakwai su ne aikin kyanwoyi.

Ga yadda take yi, don na sha riƙe mata ƙwarya. Bayan la'asar takan tattara ƙonannun gefen kisra, ta jiƙa su da ɗaurayen ƙwaryar nono, in an dace da kan busasshen kifi ta murtsuke ɗaya a ciki. Sai ta raba wuri huɗu a kan sakaina: ɗaya a bayan rumbu, ɗaya a gindin tarin kara, ɗaya a kusurwar shinge, ɗaya kuma ba ta da wurin zama, duk inda sabuwar tsaga ta buɗe can take kai ta. Kowace sakaina abin da yatsu uku za su ɗebo ne, ba ƙari. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na ganin abu ban tambaya ba.

"Habboba, wannan ai ko ɗan tsako ba zai ƙoshi ba."

"Wa ya ce miki ƙosar da su nake so in yi?"

"To me ya sa kike ba su?"

"Don su zo."

"In sun zo fa?"

"Su lasa, yunwa ta tashi, su duba abin da ke kusa. Ke ya bit, yarinyar nan, bakinki ba ya gajiya ne? Riƙe ƙwaryar da kyau, kina zubar mini da nono."

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Daga baya na lura tsofaffin layin sun raba lokaci a tsakaninsu ba tare da sun taɓa zama a kan maganar ba. Ta bakin layi da hantsi take sa nata, ta tsakiya da azahar, Habboba da la'asar. Sai kyanwoyin su wuni suna ratsa shinge daga wannan gida zuwa wancan, ba su taɓa ƙoshi a wuri ɗaya ba, ba su taɓa fid da rai ba. Ramammu ne masu dogayen ƙafafu, ba sa kallon mutum a ido. Ba ki cika ganin su ba, sai dai ki ji kara ya yi ƙas a bayanki, ki waiga ki ga wutsiya. Har yau ina mamakin wanda ya fara tsara wannan. Daga yamma aka zo da shi tare da dawar, ko a nan aka koya daga mutanen ƙasar? Ban tambaya ba a lokacin da tambayar take da sauƙi.

Shekarar da yana ta rufe idon Habboba, aka kai ta aka yi mata aiki, aka hana ta shiga rana da sunkuyo. Inna, mahaifiyata, tana kasuwa da kisrarta tun azahar har magariba. Babana yana Fau wajen aikin gona. Sai aikin ya faɗo kaina. Habboba za ta haɗa abincin da laluben hannu tana zaune a bakin gado, ta miƙo mini ƙwarya, ta ce, "Wuri huɗu. Ki dubi ƙasa kafin ki ajiye ta huɗun." Na yi haka kamar mako biyu. Sai wani gida a can bakin layi suka sayo talabijin, kuma daidai bayan la'asar ake sa wani wasan kwaikwayo da duk 'yan matan unguwa ba su da zance sai shi. In kin makara, sai dai ki leƙa ta bayan kawunan mutane. Zagaya wuri huɗu, da neman sabuwar tsaga a ƙasa kamar mai neman allura, yana cinye mini farkon wasan kullum.

Na yi lissafina irin na mai wayo. Abinci dai abinci ne, kyanwa kuma tana da hanci. Akwai wata bishiyar nim a kan hanyar gidan talabijin, sai na riƙa juye ƙwaryar duka a gindinta in wuce da gudu. Rana ta uku na tarar da biyu suna jira na. Cikin mako sun zama bakwai. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Dabbobin da ba su taɓa kallona ba ga su suna goga jikinsu a ƙafata. Na fara satar kisra mai kyau daga kwandon Inna ina ƙara musu, har da ragowar miya. Suka yi ƙiba, gashinsu ya kwanta, suka koma kwana a gindin nim ɗin kamar 'yan kasuwar da suka sayar da kayansu tun safe.

Wata rana na dawo, Habboba tana kwance da ƙyalle a ido, ta ce, "Ke, kwana biyu ba na jin motsi a shingen baya."

Na ce, "Suna nan, Habboba."

"Kin gan su?"

"Yanzun nan na ga bakwai."

Sai ta ce, "Bakwai a wuri ɗaya?"

Na ce, "A'a, nan da can." Ta juya ta ba ni baya. Ni kuma na ci gaba da abin da nake yi har rani ya ƙare.

Ranar da yayyafin farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum jin yunwa. Idon Habboba ya warke, tana gani tar. Kawu, ƙanen Inna, wanda ke tuƙa tarakta a manyan gonaki, ya zo gaishe ta, shi ta sa ya fasa mata lakar bakin rumbun. Ya zura hannu yana fara'a. Sai na ga fara'ar ta tsaya. Ya fito da hannun cike da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Ya sake zurawa har kafaɗa, ya fito da sandunan zangarniya tsirara, ko ƙwaya babu. Aka zagaya baya, wajen shinge, ga rami nan a gindin rumbun, bakinsa ya yi santsi don yawan shiga da fita. Kusa da shi sakainar farko tana kife, ƙura ta rufe ta. Na sa ƙafa na tura ta ƙarƙashin ƙaya kafin wani ya gani.

Kawu ba mugu ba ne, amma bakinsa ya riga hankalinsa. Dama ya daɗe yana ce mata ta bar wannan dawar mai jinkirin nuna ta karɓi irin zamani. Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "To Hajja, ina ma'aikatan naki? Wata bakwai kina ba su nono da kifi. Ko hutu suka tafi?"

Matan maƙwabta sun riga sun taru a bakin shinge. Wata ta yi dariya, ta toshe baki da mayafi.

Habboba ta ce, "Kai da ba ka san bambancin zangarniya da tsintsiya ba sai injin ya faɗa maka, rufe mini baki."

"Ma'alesh, Hajja, yi haƙuri, ni dai tambaya na yi. Da ni kika ba kifin, wallahi da na kwana a gindin rumbun."

Aka sake dariya, wannan karon ba wanda ya toshe baki. Habboba ta durƙusa, abin da likita ya hana ta, ta tattara ƙaiƙayin a faifai, ta sheƙe shi a hankali, ta sake sheƙewa. Ina tsaye ina ƙirga abin da ya rage da ido. Bai cika tafin hannu ba, kuma duk an ɓare musu ciki. Ta shuka su duk da haka a gindin randa. Ba ko ɗaya da ya fito. Ta zagaya gidajen da ta taɓa ba irin, kowa ya ce ai ya daɗe da komawa na zamani. A damina ta shuka wanda Kawu ya kawo mata, ta girbe, ta ci tuwonsa. Ba ta sake jiƙa wa kyanwa kisra ba. Sauran tsofaffin ma ɗaya bayan ɗaya suka bari, tunda wadda ta fi su sanin abin ga yadda ta ƙare. Ni kuwa ba ta taɓa tambayata ba. Ko sau ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, don da ta tambaya da na yi kuka an yi mini duka an wuce wurin.

Yanzu ku zo ku ga layin. Bulo da kwano ko'ina, ƙofofin ƙarfe masu ƙara, tsakar gida an shafe da siminti. Rumbun ya rushe tuntuni, wurinsa tankin ruwa ne. Habboba ta koma Mafaza wajen ƙaramar 'yarta, ta ce hayaniyar Gadarif ta ishe ta. Kyanwoyi kuwa sun fi na da yawa nesa ba kusa ba, sai dai ba irin waɗancan ba ne. Waɗannan masu kumatu ne, suna kwance a kan katanga suna kallon mutum ido cikin ido. Tun da yaƙi ya koro mutane unguwar ta cika, kusan kowane gida da baƙi, kuma kowace ƙofa ta uku da tirenta: shinkafa, makaroni, ƙashin kaza, wani lokaci har madara a roba. 'Yan mata su tsuguna su ɗauki hoto da waya. Ƙudaje su zo, karnuka su biyo baya, maza su tsaya bayan sallah suna cewa a sa guba, wasu su ce haram ne, wata tsohuwa ta ce a bar baƙar kyanwar nan don ba a san ko wace ce ba. Kowa da abin da yake gani a jikin kyanwa, ba wanda yake ganin ma'aikaciya. Na ɗauki mako guda ina zama a ƙofa da hantsi don in ga abin da suke yi da yininsu. Ba sa komai. Da idona na ga ɓera ya fito daga magudanar ruwa, ya ɗauki makaroni a gefen tire, wata jar kyanwa tana kallon sa tana lasar hannu.

Wannan ne ya kai ni ƙofar matar da ke haya a gidan da ke kallon namu. Daga Omdurman ta zo da 'ya'yanta, malamar makaranta ce a da, kuma tirenta ya fi na kowa cika. Na same ta tana juye shinkafa, na ce mata da Larabci, ba ko sallama mai kyau, "Ya Ustaza, kin san ɓata su kike yi? Kin cika musu ciki, ɓeraye suna yawo a gabansu."

Ta ɗago ta dube ni, ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani kuma kike yi?"

"Ni ba ni da hatsin da ɓera zai ci, ya bitti, 'yata. Buhu ɗaya ne, a kansa nake kwana." Ta karkaɗe tiren. "Ranar da muka fito na bar tawa kyanwar a gida. Na buɗe mata taga, na zuba mata ruwa a babban kwano, na ce kwana uku za mu yi. To ina zuba wa waɗannan, ko Allah zai sa wata a can tana zuba wa tawa."

Na zo da dogon bayani a bakina, sai ya zama ba shi da wurin sauka. Ita ce ma ta cece ni, ta ce, "An ce kakarki ma haka take, mai tausayinsu. Har suka bari aka cinye mata iri, miskina."

Wata huɗu kacal matar nan ta yi a layinmu, amma labarin ya riga ya iso ta, da dariyarsa da komai. Na ce, "Ba haka aka yi ba." Ta ce, "To yaya aka yi?" Na juya na shige gida, don ba ita ce ya kamata ta fara ji ba.

Inna tana gaban murhu tana shafa kisra. Na tsaya a kanta na faɗa mata duka a tsaye, da nim ɗin, da talabijin, da sakainar da na tura ƙarƙashin ƙaya. Ba ta ɗago ba sai da ta ɓare wadda ke kan wuta ta ajiye.

"Ashe ke ce ɓarauniyar kisrata. Na yi ta zargin 'yar maƙwabta, har na daina gaisawa da uwarta."

"Inna, ba maganar kisra nake yi ba."

"Na ji abin da kike yi. Shekarunki nawa a lokacin? Yarinya ce ke. Halas, ya wuce."

"Bai wuce ba. Ko a Sallar nan Kawu ya ba da labarin, kina cikin masu dariya."

Ta ɗebo ƙullu ta shafa. Na ce, "Ta sani? Habboba ta san ni ce?"

"Ni ina zan sani? Uwata ce, amma ban taɓa sanin abin da ke cikinta ba. In ta sani ta rufa miki asiri, ta sha dariyar mutane a madadinki. In ba ta sani ba, to shekarun nan duka tana ganin hannunta ne ya kuskure. Zaɓi wanda ya fi miki sauƙi."

"Ba ko ɗaya."

"To kada ki tsaya mini a kai, kina tare mini iska. Tana nan Mafaza da ranta. Da safe hankalinta garau yake, in rana ta yi ne take kiran mutane da sunan matattu."

Saboda haka ga abin da na yanke. Ranar kasuwar Mafaza mai zuwa zan tafi, kuma ba ni kaɗai ba. Na kira Kawu na ce masa ya zo ya kai ni, ya ce yana da aiki, na ce aikin ya jira, shi ma yana da abin da zai ji. Mu isa da hantsi, tun kanta yana tare da ita. A gaban mutane aka yi mata dariya, don haka ba zan ja ta ɗaki in yi mata raɗa ba. Zan zauna a ƙasa a gabanta, Kawu yana nan, matan gidan suna nan, in ce Habboba, wuri ɗaya na riƙa zubawa, a gindin nim, tun daga mako na uku. In za ta zage ni ta zage ni, ta daɗe da cancantar wannan damar. In ta gama, ina da tambayoyin da zan yi mata, kuma ba zan tashi ba sai ta amsa: wa ya koya mata, kuma yaya take gane tsagar da ɓera ke ciki daga wadda ba kowa. Kawu kuwa, da bakinsa zai dawo ya gyara labarin a layinmu, gida gida in ta kama, tunda bakin nasa ba ya gajiya.